Ƙibar turke da ƙibar jini: yadda ake gane bajimin da ya cancanci garke

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Talata Mafara a jihar Zamfara, musamman idan Babbar Sallah ta ƙarato, ya san irin san da ke tara jama'a. Yana ɗaure gefe guda, tozo ya kwanta, gashi na sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, cinyoyi sun cika har tafiya na yi masa nauyi. Dillalai na ta zagaya shi, wannan ya dafa ƙugu, wancan ya buɗe baki ya duba haƙora. Wata Talata ina tsaye kusa da irin wannan sa, sai na ji wani matashi da ya fara haɗa 'yan shanu a bayan gari ya ce wa wani dattijon dillali, "Baba, wanga sa nika so in kai cikin shanuna, ya ba ni irinai." Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, in nama kaka so, ga nama. In ko iri kaka so, tafi ka tambayo uwatai da ubanai. Wanga abin da kaka gani, rabinai dusa ta."

Dattijon bai shiga ajin kimiyya ba, amma da bakinsa ya faɗi tambayar da masana kiwon shanun nama suka kwashe fiye da shekara ɗari suna neman hanyar amsa ta da alƙaluma: a cikin girman da ido ke gani, nawa ne na jini, nawa ne na abinci?

Jikin dabba haɗin abu biyu ne. Akwai abin da ta gado daga iyaye, akwai kuma abin da duniya ta ba ta na ci da sha da lafiya da kulawa. San da aka ɗaure a turke wata huɗu ana ɗura masa dusa da ɓawon wake da harawa da angurya, ana ba shi maganin tsutsa a kan kari, dole ya fi ɗan'uwansa da ya yi rani yana kalar kara a gonakin mutane. Sai dai dusa ba ta bin maniyyi. Maraƙin da wannan sa zai haifa ba zai gaji ko loma ɗaya daga abin da ubansa ya ci ba. Gaskiya ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a wajen shanu sai an fara tabbatar da cewa gudun na barewar ne, ba gangara ta samu ba.

Masana sun auna wannan. Idan aka ɗauki shanun da suka tashi wuri ɗaya, aka duba bambancin da ke tsakaninsu a saurin girma, kashi 20 zuwa 40 cikin 100 ne kawai na bambancin ke komawa ga gadon da ke wucewa zuwa 'ya'ya. Sauran na muhalli ne da tsautsayi. A ɓangaren haihuwa kuwa, wato saurin ɗaukar ciki da tazarar da saniya ke yi tsakanin ɗa da ɗa, rabon gado ya fi haka ƙanƙanta, yawanci bai wuce kashi 10 ba. Mu ɗauki misali don lissafin ya fito fili. A ce ɗan bajimi ya fi tsararrakinsa da kilo 30 yana shekara ɗaya, a ce kuma rabon gado kashi 30 ne. To abin da za a jingina wa jininsa kilo 9 ne. Tun da rabin gadon maraƙi ne ke zuwa daga uba, ɗayan rabin daga uwa, abin da za a sa rai 'ya'yansa su ƙaru da shi kilo huɗu da rabi ne kowanne. Daga kilo 30 an dawo huɗu da rabi. Mai jin wannan karon farko yakan raina, har sai ya tuna cewa bajimi ɗaya kan hau shanu 25 zuwa 30 a shekara, kuma abin da ya shiga jini ba ya fita da shigowar rani. Yana nan, 'ya'ya su ba jikoki, a ɗora wani a kai.

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci a wancan misali ita ce tsararraki. Ƙa'idar farko ta wannan ilimi ita ce ba a gwada dabba sai da tsararta: waɗanda aka haifa a garke ɗaya, a yanayi ɗaya, jinsi ɗaya, suka ci abu ɗaya. Maraƙin da aka haifa a watan Yuli, ciyawa ta fito, uwa na ƙoshe, ba a haɗa shi da wanda ya faɗo a Maris, lokacin da uwar kanta ƙashi da fata ce tana neman abin da za ta lasa. Haka maraƙin karsanar da ta yi haihuwar fari ba daidai yake da na saniyar da ta yi uku ko huɗu ba, don nonon ba ɗaya ba ne. Ga kuma wani abu da littattafan ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba amma mu ya shafe mu ƙwarai. A Amurka ko Ostireliya ba a tatsar saniyar nama, maraƙi ne ke shanye nononta duka, don haka nauyinsa ranar yaye na nuna girmansa da kuma yawan nonon uwarsa. A rugagenmu kuwa maraƙi raba nono yake yi da ƙwarya. Saniyar da ta fi nono ita uwargida ta fi tatsa, don da ita ake samun na fura da na kai wa kasuwa. Sai ka ga ɗan saniyar da ta fi kowace albarka ya fito a rame, ɗan wadda ba a damu da tatsarta ba ya yi ɓul-ɓul. Wanda ya zo da ma'auni bai san gidan ba, zai zaɓi na biyun ya bar na farko.

Dabarar gane jinin sa ta hanyar 'ya'yansa tsohuwa ce. A ƙarni na 18 wani manomi a Ingila, Robert Bakewell, ya riƙa ba maƙwabtansa hayar ragunansa na kaka guda maimakon ya sayar da su. Kuɗin haya na shigo masa, amma babbar ribarsa ita ce yana ganin 'ya'yan kowane rago a gonaki daban-daban, ya gane wanda kyansa ke bin 'ya'ya duk inda suka tashi, sai ya dawo da shi cikin garkensa. Abin da ya rage shi ne lissafin da zai haɗa dubban irin waɗannan shaidu wuri ɗaya. Wannan aiki Charles Henderson na Jami'ar Cornell a Amurka ya yi shi, tun daga wajajen 1950 har zuwa shekarun 1970, da wata hanyar lissafi da ake taƙaita sunanta da BLUP. Ba sai mun shiga cikin alƙalumanta ba. A taƙaice, kwamfuta na ɗaukar awon dabbar kanta, da na iyayenta, da na 'yan'uwanta, da na 'ya'yanta, ta cire tasirin garke da shekara da yanayi, ta ba kowace shaida nauyin da ya dace da ita gwargwadon kusancin dangantaka, sannan ta fitar da ƙiyasin darajar gadon dabbar. Har tana lura da cewa wani bajimin an ba shi zaɓaɓɓun shanu ne, don haka kada a yaba masa da kyan da na iyaye mata ne.

Ta yaya kuwa za a kwatanta san da ke Bakura da wanda ke Gummi alhali ba su taɓa cin ciyawa ɗaya ba? Sai idan akwai gada tsakanin garkunan biyu, wato wani bajimi na uku da ke da 'ya'ya a can da nan. Da shi ake auna sauran, kamar yadda ake auna hatsin kasuwa biyu da tiya ɗaya. A ƙasashen da ake yi wa shanu barbara ta allura wannan gada na samuwa cikin sauƙi. A wurinmu aron bajimi da makiyaya ke yi tsakanin dangi da abokai na iya zama gadar, in da ana rubutawa.

Sakamakon lissafin shi ne 'yan lambobin da ake bugawa gefen hoton kowane bajimi a takardun gwanjon shanu na waje. Amurkawa na kiran nasu EPD, ma'ana bambancin da ake sa ran gani a 'ya'ya. Ostireliya, ƙarƙashin tsarinta na BREEDPLAN da ya fara aiki a 1985, na amfani da EBV, wanda shi darajar dabbar ce gaba ɗaya, sai ka raba biyu kafin ka san rabon 'ya'ya. Amurkawa kan daidaita nauyin yaye a kwana 205, na shekara a kwana 365, su kuwa 'yan Ostireliya na auna kwana 200 da 400 da 600. Lambar ba ta cewa maraƙinka zai kai kilo kaza. Abin da take faɗi shi ne, idan ka ba bajimai biyu shanu iri ɗaya, 'ya'yan wannan za su fi na wancan da kaza a matsakaici. Gefenta kuma akwai wata lamba ta biyu da masu sayarwa ba su cika son a duba ba, wadda ke nuna ƙarfin shaidar. Ɗan bajimin da bai haihu ba tukuna, ƙiyasinsa na iya hawa ko sauka sosai nan gaba. Tsohon da ke da 'ya'ya ɗaruruwa a garkuna da yawa, nasa ya zauna.

A nan ne masu kuɗinmu da suka shigo harkar kiwo ke yawan faɗawa rami. Mutum ya ga lambobi masu kyau a intanet, ya sa a kawo masa maniyyin Angus, baƙaƙen shanun nama marasa tozo, ko na wani jinsin Turai a cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, yana jiran abin al'ajabi. Lambar nan gaskiya ce, amma gaskiyar inda aka auna ta. An auna 'ya'yan san ne a ƙasar da babu sammore, kaska ba ta kai tamu ba, ciyawa ba ta yankewa wata bakwai, ruwa na bakin dabba ba sai ta taka kilomita da yawa zuwa mashaya ba. Baƙar saniya marar tozo a ranar Afrilun Gusau, zafi ya haura digiri 40, tsayawa take yi a inuwa tana haki lokacin da bokolo ke kiwo abinsa. Jinin da ya yi zarra a can na iya zama na baya a nan. Akwai kuma ruɗin haihuwar farko. Ruwa-biyun da aka samu daga saniyar gida da san waje yakan fito da ƙarfi da saurin girma fiye da matsakaicin iyayensa, saboda haɗuwar jini biyu masu nisa. Amma wannan ƙarin ba ya wucewa cikakke. Idan aka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu yakan ragu, in kuma aka ci gaba da ƙara jinin waje sai juriya ta zube, kuɗin magani ya cinye riba. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana haɗa Bunaji, fararen shanun Fulani, da Firiziyan na Turai don nono, kuma a can ma ana yin abin ne da abinci da kulawar da makiyayi mai tafiya ba shi da su.

Ko a can ƙasashen nasu, bin lamba ɗaya ido rufe ya sha jawo nadama. A Beljiyam an yi ta zaɓen shanu masu tsoka ninki biyu har aka kai ga jinsin da yawancin 'yan maruƙansa ba sa iya fitowa da kansu, sai likita ya yi wa uwar tiyata. Ka ƙaddara wannan a rugar da ke dajin Maradun cikin dare. A Amurka kuma, a 2008, aka gano wata cuta ta gado a shanun Angus da ke sa a haifi maraƙi a mace, ƙashin baya a karkace, ƙafafu a sandare. Da aka bi diddigi sai aka tarar ta yaɗu ne ta wani shahararren bajimi da lambobinsa suka yi kyau har aka yi barbarar dubban shanu da maniyyinsa. Shi lafiyarsa ƙalau, don cutar ba ta bayyana sai maraƙi ya gado ta daga uwa da uba duka, abin da ya fara faruwa lokacin da jikokinsa suka riƙa haɗuwa da juna. Wannan darasi ya shafi ƙaramin garke ma kai tsaye. Bajimin da ya shekara biyar ko shida a garke ɗaya zai fara hawan 'ya'yansa, kuma ta nan irin waɗannan ɓoyayyun lahani ke fitowa.

Idan akwai ƙasar da ya kamata mu zuba wa ido, Birazil ce. Mafi yawan shanunta masu tozo ne kamar namu, galibi jinsin Nelore, wanda asalinsa shanun Ongole ne na Indiya da aka riƙa shigowa da su har zuwa shekarun 1960. Ba su ce mai tozo ba ya nama ba. Sun kafa rajista, suka riƙa auna nauyi, da shekarun haihuwar fari, da kaurin 'ya'yan marainan ɗan bajimi, suna zaɓe a cikin jinsin kansa shekara bayan shekara. Yau Birazil ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu. Wancan awo na maraina, af, abu ne da kowa zai iya yi da zaren awo. Yana da rabon gado mai yawa, kuma an lura cewa bajimin da ya fi tsararsa a nan, 'ya'yansa mata kan balaga da wuri. Hanya ce ta zagaye zuwa ga halin da ke da wuyar zaɓa kai tsaye.

To mu me za mu zaɓa? Tambayar ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, don saniyarmu ba ta nama ce kaɗai ba. Ita ce nono, ɗanta ne ke jan garma da amalanke, ita ce asusun da ake fasawa ranar biki ko jinya. Bokoloji, wanda a takardu ake kira Gudalin Sakkwato, shi ne na nama a yankinmu: jiki a dunƙule, ƙaho gajere ko kusan babu, sanyin hali, ga karɓar turke. Rahaji ja mai dogon ƙaho ba zai yi maka ƙibar bokolo ba, amma sa shi a hanya ka gani, ga shi ba ya yarda da baƙon hannu. Bunaji na tsakiya, Azawak da ke shigowa daga Nijar an san shi da nono da jure fari. Kowanne akwai dalilin da ya sa masu shi suka riƙe shi. Sannan kasuwarmu ba ta biyan wasu abubuwan da ake lissafawa a waje. Can ana ba da lamba ga kitsen da ke ratsa tsoka, don shi ke ɗaga farashi. Nan mai kilishi da mai tsire tsoka zalla suke nema, kuma sa da ido ake sayensa, ba da sikeli ba.

A ganina, abin da ya fi cin kuɗin makiyayin Zamfara ba ƙarancin girman maraƙi ba ne, ƙarancin maruƙan ne. A kiwon gargajiya karsana kan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin haihuwar fari, daga nan kuma sai ta yi shekara ɗaya da rabi ko biyu tsakanin haihuwa. Saniyar da ke ba ka ɗa duk bayan wata goma sha huɗu ko sha biyar, ta raine shi ya rayu, ta fito daga rani da ƙafarta, ta fi wadda ɗanta ya fi girma amma sai an jira ta shekara biyu. Na san na ce rabon gado a haihuwa kaɗan ne, kuma mafi yawan gyaran na wajen abinci da maganin cututtuka irin su bakkale. Amma wannan ne ma dalilin da ya sa ake buƙatar shaidu masu yawa. Halin da gadonsa ke ɓoye cikin hayaniyar muhalli ba a gane shi da kallon dabba ɗaya, sai an duba uwa da kaka da 'yan'uwa mata.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna yin zaɓe kullum, sai dai ta baibai. Idan buƙata ta taso wa mai 'yan shanu, wanne yake kamawa ya kai kara? Wanda zai fi kuɗi, wato ɗan bajimin da ya fi tsararsa tashi. Masu kiwon turke su ma shi suke nema, mai faɗin ƙirji da dogon gangar jiki, don shi zai karɓi dusa. Bayan wata huɗu ya hau tirela zuwa Legas, ko wuƙa ta hau shi ranar layya. Wanda bai yi kasuwa ba shi ke saura a gida yana hawan shanu. Shekara ashirin ana haka, sannan a zauna ana cewa shanun yanzu ba su kai na da ba.

Ba kowa ne ke wannan kuskure ba, dole a faɗi gaskiya. Bafulatanin da ya gaji kiwo ba ya sayar da bajimin garkensa sai uwar bari. Tun yana maraƙi ya sa masa ido, ya san nonon uwarsa, ya san kakarsa sau nawa ta haihu, ya san ko zuri'ar na jure tafiya. Saniya kan ɗauki sunan gidan uwarta, don haka dattijo zai iya jero maka asalinta hawa-hawa ba tare da takarda ba. Wannan rajista ce cikakkiya, a ka take zaune. Rauninta biyu ne. Na farko, ba ta wuce garken mutum da na danginsa, ba ta iya kwatanta shanu dubu. Na biyu, ta fi ƙarfi ta wajen uwa, don a mashaya da makiyaya garkuna na cakuɗuwa, ba kullum ake sanin uban ba. Ga shi kuma satar shanu ta shekarun nan ta yi mata mummunar illa. Garken da aka kora cikin dare aka watsa a kasuwanni, ba dabbobi kaɗai aka rasa ba, an rasa sanin wace ce 'yar wace. Wanda ya sayi saniya daga hannu na uku bai san komai game da ita ba sai abin da ya gani. A 2021, da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma hana safarar shanu na wani lokaci saboda matsalar tsaro, har musayar bajimai ta halal sai da ta tsaya.

Wasu za su ce ai yanzu zamanin gwajin ƙwayoyin gado ne, a tsinki gashin wutsiya a kai ɗakin bincike a huta da jiran 'ya'ya. Akwai gaskiya a ciki. A 2001 wasu masana uku suka nuna yadda za a iya hasashen darajar dabba daga dubban alamomi da ke warwatse a ƙwayoyin gadonta, a 2009 kuma aka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon saniya, wadda aka karanto daga wata saniya jinsin Hereford. Yau da gwaji ɗaya ana duba alamomi kusan 50,000, a san abu mai yawa game da maraƙi tun yana shan nono. Amma na'urar ba duban bokaye take yi ba. Tana koyo ne daga dubban shanun da aka riga aka auna nauyinsu da haihuwarsu aka kuma karanta ƙwayoyinsu, sai ta ce wannan maraƙi ya yi kama da waɗanda suka yi kaza. Abin da ta koya a kan Angus ba ya aiki a kan Bokoloji, don alamomin ba sa tafiya da halaye iri ɗaya a jinsunan da suka rabu tun dubban shekaru. Kafin gwajin ya yi mana amfani sai mun tara namu shanun da aka auna. Abin da zai iya yi mana tun yau shi ne tabbatar da uban maraƙi, da nuna yawan jinin waje a jikin dabbar da ake tallata maka.

Duk hanyar da aka bi, ana dawowa kan rubutu. Kayan aikin ba su da tsada: lambar kunne, littafi, da zaren awo irin na tela. Ana zagaya ƙirjin dabba daidai bayan ƙafafun gaba, a rubuta. Ko da jadawalin da ke juya awon zuwa kilo bai dace da masu tozo sosai ba, ya isa ya nuna wanda ya fi wani a cikin tsara, kuma abin da ake nema ke nan. Ranar haihuwa, uwa, uba in an sani, awo ranar yaye, awo a shekara, ranar da saniya ta sake haihuwa, da ko ana tatsarta. Habasha ta gwada irin wannan da tumaki tun 2009, a yankunan Menz da Bonga da Horro, tare da cibiyoyin bincike na ICARDA da ILRI. Mutanen ƙauye ne suka haɗa tumakinsu a lissafi kamar garke ɗaya, aka ɗauki wani a cikinsu yana awo yana rubutawa. Idan 'yan raguna sun tasa, sai a zauna da littafin da kuma idon dattawa a zaɓi na gaba, ƙungiya ta saye su daga masu su da kuɗin asusu don kada su tafi kasuwa, a raba su suna zagaya gidaje, sauran a dandaƙe a yi kiwon turke da su. Wannan sayen shi ne zuciyar tsarin. Ba za ka ce wa mai jinya a gida kada ya sayar da mafi kyan dabbarsa ba, sai dai ka zama kai ne mai sayen.

Da shanu abin zai fi jan lokaci. Bajimin da aka zaɓa bana, 'ya'yansa za su faɗo baɗi, a auna su baɗin baɗaɗa, 'ya'yansa mata kuwa sai nan da shekara biyar ko shida za a ga haihuwarsu. Ya fi wa'adin gwamna tsawo, shi ya sa raba maniyyin waje a gaban kyamara ya fi jan hankalin masu mulki. Masu iya lissafin ba su yi mana nisa ba. Akwai su a Shika, akwai su a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ga ɗaliban kwalejin aikin gona ta Bakura da za su iya riƙe zaren awo, ga kuma ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi da gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro a 2024.

Cikas ɗin da na fi jin tsoro na wajen yarda ne. Makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa. Kakanninsa sun koyi haka tun zamanin jangali, lokacin da duk wanda ya zo ƙirga shanu haraji ya kawo. Yau kuma dalilin ya fi na da nauyi, don littafin da ke nuna wane ne ke da shanu nawa, da inda mafi kyan bajimi ke kwana, idan ya faɗa hannun mai kai wa ɓarayin daji rahoto ya zama taswirar hari. Duk wanda zai kawo wannan tsari Zamfara sai ya fara da amsa wannan. Mai awon ya kasance ɗan rugar ne da Arɗo ya yarda da shi, littafin ya kwana a hannun masu shanun, abin da zai fita zuwa kwamfutar masana kuma lambar kunne ce da awo kawai, babu sunan mutum, babu sunan ƙauye.